Kwalbar da Kawu Bai Buɗe Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun ina 'yar shekara shida bayan rasuwarta, ya cika ranar wata Talata da hantsi a ɗakinsa na Zongo, unguwar Hausawa a birnin Lomé, bayan kwana tara yana fama da ciwon ƙirji. Ina rubuta wannan don kada a manta da shi. In kuma faɗi gaskiya, ina rubutawa don kada a manta da abin da aka yi masa. Wanda ya zo neman ta'aziyya mai sanyi ya yi haƙuri, tawa da zafinta ta zo.

Tun kafin a gama yi masa wanka gida ya cika. Mata sun zazzauna a tsakar gida, wasu a tabarma, wasu a bakin rijiya. Na zauna kusa da matarsa, wadda nake kira Mma, ina karɓar gaisuwa. Da farko gaisuwar irin ta kullum ce. Can sai na ji ta sauya launi. Mace za ta shigo ta durƙusa, maimakon ta ce Allah ya jiƙansa, sai ta ja numfashi ta ce, “Allah dai ya yafe masa, ai Shi mai gafara ne,” ta kalli ta kusa da ita, ta kusan ta sunkuyar da kai. Ba wadda ta ce mutumin kirki ne. Mai kokon bakin layinmu kaɗai na ga tana kuka har da majina, ita kuwa ba wanda ya kula ta.

Ashe ga abin da ya faru a ɗaki. Da maza suka ɗaga gado don a sami wurin wanka, sai suka tarar da wata tsohuwar tukunyar ƙasa cike da jiƙaƙƙen yashi, da kwalbar giya kwance a ciki. Yayansa, babban kawuna, wanda duk Zongo ke kira Alhaji, shi ya ɗauke ta. Bai rufa ba. Ya fito da ita har bakin ƙofa, ya ɗaga sama yadda na waje za su gani, ya ce, “To kun gani. Shekara talatin ina faɗa ana cewa na tsane shi.” Sannan ya mayar da ita ya wanke hannu.

Kafin azahar maganar ta kai unguwar Agbalépédo, ta kai ta Bè-Kpota, ta dawo mana ta waya da ƙari: wai a buge ya mutu. Mutanen da suka zo da niyyar jana'iza suka fara tuna cewa sun bar shago a buɗe. Liman ya yi masa salla, don musulmi ne, amma sahu biyu ma da ƙyar suka cika. A Zongon nan da ko baƙo ne ya faɗi ya mutu a tasha sai an rufe titi don yawan masu salla! Ina leƙe daga zaure na ga abin da idona. Mma ta shiga takaba, ba ta da bakin fita ta kare mijinta. Tun daga ranar sunan Kawu ya koma mashayi a bakin mutane, kuma na rantse ba zan bar shi ya kwanta da wannan suna ba.

Ba zan ɓoye aikinsa ba, shi ma bai taɓa ɓoyewa ba. Shekara talatin da biyu ya yi a wani otel na bakin teku, shi ke riƙe da makullin ɗakin ajiyar giya. Da wanke kwanuka ya fara. Wata rana aka kawo kifi, mai dafa abinci ya karɓa, Kawu na can gefe da soso a hannu ya ce kifin nan ya kwana. Aka duba, haka ne. Mai otel, wani Bafaranshe mai saurin fushi, ya gane yaron nan hanci gare shi, ya ja shi zuwa ɗakin kwalabe.

Yadda yake aiki shi ne abin mamaki. Sai ya zare matoshin kwalba, ya shinshina shi, ya zuba kaɗan a kofin gilashi, ya jujjuya, ya kai hanci, ya lumshe ido. Daga nan zai faɗi ko ta yi, ko ta lalace, ko tana son ƙarin shekaru. In sai an ɗanɗana, sai ya miƙa wa abokin aikinsa, wani Kirista mutumin unguwar Bè da muke kira Fofo. Kawu yakan ce shi hanci ne, Fofo harshe, su biyu suka haɗu suka zama ma'aikaci ɗaya.

Ya san ɗaukar giya da zuba wa mutane laifi ne a addini, bai taɓa yi wa kowa gardama a kai ba. In aka taso masa da zancen sai ya ce, “Laifina na sani, ɗauka ne. Shi nake roƙon Allah a kai. Kada a ƙara min da wanda ban yi ba.” Na ji wannan magana daga bakinsa ya fi sau ɗari. In ya dawo aiki ba ya shiga ɗaki da kayan otel. Sai ya tsaya bayan rijiya ya yi wanka, ya sauya riga, ya yi alwala, sannan ya yi mana sallama kamar yanzu ya iso.

Hancin nan kuwa mu muka sha wahalarsa. Ranar aiki ba a kunna turaren wuta a gidanmu, ba ya cin yaji da safe, ba ya shafa turare sai Juma'a, ranar kuwa sai ya yi wanka da shi. Mma takan ce ta auri miji ta samu hanci a matsayin uwar miji. In na biya ta kasuwar Akodésséwa, inda ake sayar da busassun dabbobi na tsafi, daga makaranta, kafin in ajiye jaka zai ce me ya kai ni can. Da wani ya zo neman aurena, ya tauna kanumfari ya cika baki don ya ɓoye warin taba. Kawu ya karɓe shi da fara'a, ya ba shi ruwa, da zai tafi ya raka shi zaure ya ce masa a hankali, taba ta fi kanumfari ƙarfi, ɗana. Bawan Allah bai sake dawowa ba, ni kuma na yi kwana uku ba na yi wa Kawu magana.

Tsakaninsa da Alhaji kuwa, rigimar ta naman layya ce. Kowace Babbar Salla Kawu zai yanke cinyar ragonsa mafi kyau, ya ɗora a tire, ya rufe da farin ƙyalle, ya ɗauka da kansa har gidan yayansa. Kowace shekara Alhaji zai tsaya a ƙofa ya ce ba ya cin ragon da aka saya da albashin giya. Kawu zai ce to, Allah ya maimaita mana, ya juyo da tirensa a gaban jama'a, ya ajiye wa mai koko a bakin layi. Da na girma na ce masa don Allah ya daina kai kansa ana wulaƙanta shi. Ya yi dariya ya ce shi aikinsa kaiwa, Alhaji aikinsa mayarwa, kowa ya riƙe nasa. Ni dariyar ba ta taɓa zo min ba.

Ga kuma abin da Alhaji ba ya so a tuna. Wajen wani suna a gidan 'yan'uwa, Kawu ya durƙusa yana gaishe shi, sai ya tsaya cak. Ya matso ya ce masa numfashinsa na warin 'ya'yan itacen da suka nuna suka wuce, ya je asibiti yau ba gobe ba, yana tsoron ciwon suga ne. Alhaji ya daka masa tsawa, wai shi za a shinshina kamar kwalba? Kawu bai yi zuciya ba, ya hau zemijan, babur ɗin haya, ya je ya faɗa wa iyalin Alhaji su sa ido. Kwana biyu tsakani Alhaji ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa, da yake an riga an gargaɗe su ba su tsaya jiƙa rubutu ba, asibiti suka nufa da shi, suka faɗa wa likita abin da Kawu ya ce. Yau shekara goma sha ɗaya ke nan yana yawo da ransa yana yi wa kansa allura kowace safiya. Ko sannu bai taɓa ce wa ƙaninsa ba.

Yanzu ga labarin kwalbar, yadda Kawu ya ba ni shi, Fofo kuma ya tabbatar.

A cikin duk abin da ke ɗakin ajiyar akwai wadda Kawu ke girmamawa, jar giya da ake yi da wani baƙin inabi mai suna pinot noir, daga yankin Bourgogne na Faransa. Yakan ce inabin fatarsa siririya ce, ba ya son rana da yawa, ba ya son ruwa da yawa, abu kaɗan ke ɓata masa rai, kamar ni. Faransawa sun jera gonakin inabinsu daraja-daraja yadda muke jera atamfa, gonar da ake yin wannan giya tana sahun farko. Ba ta fi filin Idi girma ba, a gefen tudu, an kewaye ta da katangar duwatsu. Gida ɗaya ke noma ta tun kakanni, da hannu suke tsinka, uba ya bar wa ɗa, ɗa ya bar wa 'yarsa. Wannan ne ya fi burge Kawu. Bai taɓa taka Faransa ba, amma in yana kwatanta gonar sai ka rantse can aka yanke masa cibiya. Ya ce ƙamshin giyar kamar ƙasa ce bayan ruwan farko, da ganyen da ya kwana a ƙasa, da wani ɗan zaƙi can ƙasa-ƙasa.

Wata shekara wani dillali ya kawo katan-katan da sunan gidan a jiki, ana gobe babbar liyafa. Kawu ya buɗe ɗaya ya kai hanci ya ce wannan ba tasu ba ce. Dillali ya rantse da uwarsa da ubansa. Fofo ya ɗanɗana ya ce shi dai ya ji daɗi a bakinsa. Mai otel ya hau faɗa, ya ce mutumin da bai taɓa kurɓa ba ne zai koya masa giyar ƙasarsu? Kawu ya cire rigar aiki ya ninke ya ɗora makulli a kai, ya ce ba zai ɗora wa mutane sunan abin da ba su yi ba. Mako biyu yana zaune a gida. Mai otel ya aika wa masu gonar hoton kwalaben da lambobinsu, amsa ta dawo cewa jabu ne. Da kansa ya shigo Zongo cikin kwat, yana tsallake kwata, ya ba Kawu haƙuri.

Bayan wata biyu saƙo ya iso daga tsohon da ke riƙe da gonar. Kwalba ɗaya ce, an liƙe bakinta da jan kaki irin na kyandir, a jikin takardarta tsohon ya rubuta da hannunsa cewa ta mutumin Lomé ce da ya tsare musu suna ba tare da ya ɗanɗana ba.

Nan Kawu ya rasa yadda zai yi. Ba zai sha ba. Ba zai sayar ba, ba zai bayar kyauta ba, don duk haramun ne. Zubarwa kuma ya ce yana jin kamar ya watsa wa tsohon ƙasa a ido. Sai ya karɓi tukunya wajen Mma, ya cika ta da yashi, ya kwantar da kwalbar a ciki don zafin Lomé kada ya dafa ta. Shekara goma sha tara Mma na yayyafa wa yashin ruwa kowace safiya tana mita. Ya ce mata ranar da ya mutu a zubar. A nan na ga laifinsa, kuma zan faɗa ko yana kabari: da ya zubar tun ran farko da bai bar wa maƙiyinsa sanda ba. Amma mutum ne da ba a cika gode masa ba, abu ɗaya da aka taɓa ba shi na girmamawa ke nan, ya kasa rabuwa da shi.

Bayan addu'ar bakwai Alhaji ya zo ƙofar Mma. Ya tsaya bayan labule yana magana da wata murya mai laushi da ban taɓa sanin yana da ita ba. Wai a ba shi kwalbar ya kai ta nesa ya zubar, don mala'ikun rahama su samu shiga gidan. Mma ta ce a bari a yi arba'in. Ya dawo, ya sake dawowa, har da ledar lemo. Mutumin da shekara talatin bai sha ruwan gidanmu ba! Jikina ya ba ni akwai magana, amma ban san ta ba.

Fofo ne ya kawo min ita. Ran rasuwa ya zo, ya tsaya a waje hula a hannu, ya bi gawa har ƙofar maƙabarta, ba wanda ya ce masa ga wuri. Wannan karon ya kira ni gefe ya nuna min wayarsa. Wani mai gidan abinci a cikin gari ya turo masa hoto yana tambaya ko kwalbar nan mai rubutun hannu ta gaske ce, don babban ɗan Alhaji ya yi masa tallarta, har sun daidaita. Ba zan rubuta farashin ba, ya isa dai ya tausasa muryar Alhaji. Na ƙura wa hoton ido. Kwalbar na kan tabarmar ɗakin Kawu, a gefe ga bakin bokitin wankan gawa. Wato yana kwance ana zuba masa ruwa, su suna ɗaukar hoto.

Mma ta ce in bar wa Allah. Na ce mata zan bar masa, amma sai na gama nawa.

Ran arba'in aka shimfiɗa tabarmi a titi da safe, malamai suka yi karatu. A al'adarmu kafin a raba goro da masa, babban gida yakan miƙe ya roƙa wa mamaci yafiya wajen jama'a. Alhaji ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya ce a yafe wa ƙaninsa, kowa dai ya san halin da ya mutu a ciki, shi ya yi iya ƙoƙarinsa. A lokacin na fito daga zaure da hijabina, tukunyar a kaina, na ratsa tsakiyar maza, abin da mace ba ta yi. Ban tsaya ba sai gaban Liman. Na sauke, na durƙusa, na share yashin da hannu.

Na ce, “Malam, ga shaidar da aka kafa a kan Kawuna. Don Allah a dubi bakinta.”

Liman bai taɓa ta ba, ya dai sunkuya ya duba, na kusa da shi ma suka leƙo. Jan kakin na nan yadda ya baro Faransa, ko ƙwarzane babu. Na san kwalba a rufe ba ta rantsuwa a kan rayuwar mutum duka. Don haka na kira Fofo. Ya taso daga can ƙarshen tabarmi inda ya rakuɓe, ya yi magana da Hausarsa mai gauraye da yaren Mina. Ya ce shekara talatin suna tsaye kafaɗa da kafaɗa, duk ɗigon da ake buƙatar ɗanɗanawa bakinsa ya shiga, in ya yi ƙarya Allahn da yake bauta wa ya tambaye shi. Sannan ya miƙa wa Liman wayar. Ta bi hannu-hannu, kowa ya ga hoton, ya karanta saƙon ko a karanta masa. Kafin ta kai sahu na uku ɗan Alhaji ya tuna yana da kaya a tashar jirgin ruwa, ya tada babur.

Alhaji ya fara kame-kame, wai yara ne, wai shi niyyarsa zubarwa. Na ce alhamdu lillahi, ai ga kwata nan kusa, ba sai an je nesa ba. Liman ya ce gaskiya ta faɗa, Alhaji, bisimilla.

Alhaji ya ɗauki kwalbar, ya rasa ta inda ake buɗe ta. Fofo ya ciro ƙarfen aikinsa daga aljihu, ya yanke kakin, ya zare matoshin. Sai na ga ya miƙa shi gefen hagunsa ba tare da ya duba ba, inda Kawu ya saba tsayawa. Hannunsa ya daɗe a iska kafin ya tuna. Nan ne kuka ya ƙwace min, duk taurin da na zo da shi.

Alhaji ya durƙusa bakin kwata, da babbar rigarsa da carbinsa, ya tuntsurar da kwalbar. Ta daɗe tana zuba, ja wur, tana bin ruwan wanke-wanke. Na buɗe hanci ko zan ji ƙasar nan bayan ruwan farko. Ban ji komai ba sai tsami, ni ban gaji hancin ba. Shi kuwa Alhaji idonsa na kan abin da ke tafiya, fuskarsa kamar wanda ake zare wa jijiya, kuma ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗin ganinsa haka.

Da ta ƙare Liman ya tambaye shi a gaban kowa, “Alhaji, tsakaninka da Allah, ka taɓa ganin ɗan'uwanka ya sha?”

Ya motsa baki. Wani dattijo daga baya ya ce ba su ji ba.

“Ban taɓa gani ba.”

Aka ɗauki salati. Wasu suka sunkuyar da kai, musamman masu shagunan da aka bari a buɗe, na kuma bi su da ido ɗaya bayan ɗaya don su san na gane su. Liman ya juyo gare ni ya ce to 'yata, gaskiya ta fito, babban kawunki ne, ki ce kin yafe masa a wuce wurin.

Na ce, “Malam, ba ni ya yi wa ba. Wanda ya yi wa yana maƙabarta, Alhaji ya san hanya. Ya je ya tambaye shi.”

Na ɗauki tukunyar Mma na koma cikin gida. Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa laifin da ya sani ya kuma roƙa, ya haskaka kabarinsa, ya ba Mma haƙurin rashinsa. Laifin da aka ƙara masa kuwa, Allah ya mayar wa mai shi, kada ya rage ko ɗigo.